Ma'anar SIBO: ƙwayoyin da suka yi yawa, da sharar da ta tsaya

Kwanan nan da wuya mutum ya buɗe wayarsa bai ci karo da kalmar SIBO ba. Mai kumburin ciki an ce SIBO ne da shi, mai yawan gyatsa ma haka. Mai ƙurajen fuska, mai kasala, har wanda barci ya ƙaurace wa, duk an jefa su cikin buhu ɗaya. Kwanakin baya na ji wani a rediyo yana cewa wai "sabon infekshan ne da ke kama hanji", kuma kafin a rufe shirin ya sanar da cewa yana da haɗin da ke wanke shi tas cikin kwana 7. Tallar ba ta dame ni ba, mai talla aikinsa yake yi. Kalmar "infekshan" ɗin ce ta tsaya mini a wuya, domin daga ita kuskuren yake farawa.

Haruffan huɗu taƙaitawa ce ta kalmomin Turanci masu nufin yawaitar bakteriya fiye da kima a ƙaramin hanji. A lura da kalmar yawaita. Babu wata ƙwayar cuta mai suna SIBO da ake ɗauka a ruwa ko a hannun wani, kamar yadda ake ɗaukar kwalara ko taifod. Ƙwayoyin da ake magana a kansu 'yan gida ne, galibinsu irin waɗanda kowane mai lafiya ke ɗauke da su a baki ko a babban hanji. Laifinsu guda: sun zauna inda ba mazauninsu ba, sun kuma hayayyafa. A babban hanji, giram ɗaya na abin da ke ciki yana ɗauke da bakteriya kusan biliyan 100, kuma haka ake so. A sashen sama na ƙaramin hanji kuwa, inda jiki ke tsotse amfanin abinci, mai lafiya ba ya kaiwa 1,000 a mililita ɗaya. Shekaru da yawa likitoci suna cewa sai adadin ya haura 100,000 kafin a kira shi matsala, amma a 2017 wani taron masana na Arewacin Amurka ya sauko da iyakar zuwa 1,000. Kuma ba sabon abu ba ne: tun a 1939 likitoci biyu, Barker da Hummel, suka yi bayanin marasa lafiya masu ƙarancin jini waɗanda hanjinsu ya tsuke a wani wuri ko aka yi musu tiyata, abinci yana taruwa yana tsima.

Abin da ke biyo baya ba shi da wuyar ganewa. Abinci ya iso, baƙin nan sun riga mai gida sa hannu a kwano. Suna tsima sukari da sitaci, suna fitar da iska, ciki ya kumbura kamar ganga. Suna lalata gishirin da ke cikin ruwan matsarmama, wanda shi ke taimakawa a narkar da maiƙo, sai maiƙon ya fita a bayan gida. Suna cinye bitamin B12, mutum ya shiga ƙarancin jini, alhali wani bitamin ɗin, folet, yakan ƙaru saboda su ma suna ƙera shi.

To amma me ya sa ƙaramin hanji, bututu mai tsawon mita da yawa, mai ɗumi da danshi, cike da abinci, yake zama kusan fayau a jikin mai lafiya? Wannan ita ce tambayar da masu cewa "infekshan" ba sa yi, kuma amsarta ce duk labarin.

Masu gadi suna da yawa. Asid ɗin tumbi yana kashe yawancin abin da aka haɗiye. Ruwan matsarmama da na saifar suga, wato fankiriyas, suna nasu aikin. Akwai ɗan ƙyaure a mahaɗar ƙaramin hanji da babba da ke rage komowar abu baya. Amma babban mai gadin tsintsiya ce.

A 1969 wani masani mai suna Joseph Szurszewski, a cibiyar Mayo ta Amurka, ya ɗaura wayoyin lantarki a hanjin karnuka yana auna motsinsa. Sai ya ga abin da bai dace da tunanin mutane ba: hanjin da babu abinci a cikinsa ba hutawa yake yi ba. Bayan wani lokaci na shiru, sai wata matsa mai ƙarfi ta taso daga sama, ta bi hanjin sannu a hankali har ƙarshensa, tana isa ƙasa wata na shirin tasowa. Malaminsa Charles Code ne ya laƙaba mata suna mai ma'anar "mai sharar gida", sunan kuma ya bi ta har yau. A jikin ɗan Adam zagayen yakan ɗauki minti 90 zuwa 120. Mafi yawan lokacin shiru ne, sannan ƙananan motsi marasa tsari, sannan 'yan mintoci na matsa mai ƙarfi a jere, wadda ke tura ragowar abinci, majina, matattun ƙwayoyin bangon hanji da bakteriya zuwa babban hanji. Wani sinadari da jiki ke fitarwa mai suna motilin yana cikin masu buga mata ƙararrawa. Ƙugin da ciki ke yi idan an jima ba a ci ba, wanda kan ba mutum kunya a cikin taro, sau da yawa ƙarar tsintsiyar ce. Ni dai tun da na san haka na daina jin kunyarsa.

Ga inda abin ya fi ba ni sha'awa: mai sharar nan ba ta aiki sai ciki babu abinci. Da zarar abinci ya shiga, sai ta jingine tsintsiya, hanji ya koma wani salon motsi na cuɗawa da narkarwa, kuma ba ta dawowa sai bayan sa'o'i. Wanda bakinsa ba ya hutawa daga safe har dare, sai barcinsa kaɗai ya rage mata.

A 1977 Gaston Vantrappen da abokan aikinsa a Leuven ta ƙasar Beljiyam suka auna wannan motsi a jikin mutane, suka tarar cewa a wasu daga cikin masu yawaitar bakteriya ya ɓace ko ya rikice. Daga nan magana ta fito fili. Ruwa ba ya tsami banza. Idan ƙwayoyi sun taru a ƙaramin hanji, akwai abin da ya hana a kore su. Ciwon suga da ya daɗe yana lalata jijiyoyin da ke ba hanji umarni. Cutar sikilerodama tana sandarar da bangonsa. Raunin tayirod, wato ƙullin nan da ke gaban wuya, yana rage saurin komai a jiki. Magungunan kashe zafi na dangin ofiyom, irin su kodin, taramadol da mofin, suna daskarar da hanji, kuma mutane da yawa ba sa haɗa wannan da kumburin cikinsu. Tiyata tana iya barin wani lungu da abinci ke shiga ba ya fita, ko tabon da ya ɗaure hanji. Magungunan rage asid irin su omefirazol, idan an daɗe a kansu, an alaƙanta su da ƙarin haɗari.

Yanzu a dubi abin da kalmar "infekshan" ke jawowa. Duk wanda aka ce masa yana da infekshan abu ɗaya yake nema: a kashe, a wanke, a huta. Ana ba shi maganin kashe bakteriya, sau da yawa rifaksimin, wanda kusan duka a cikin hanji yake tsayawa ba ya shiga jini, na kamar mako 2. Ya ji sauƙi, ya yi murna. Bayan 'yan watanni ciki ya sake tashi. Wani bincike da aka yi a Italiya aka buga a 2008 ya bi mutum 80 da maganin ya yi wa aiki: bayan wata 3 abin ya dawo wa kusan kashi 13 cikin 100, bayan wata 6 kusan kashi 28, bayan wata 9 kusan kashi 44. Mai tunanin infekshan zai ce ƙwayar ce ta yi taurin kai, ya nemi abin da ya fi ƙarfi, ko ya koma ga masu haɗe-haɗen wanke hanji. An bar jaki ana dukan taiki. Ɗakin da ba a sharewa, ko sau goma ka fesa masa maganin ƙwari, ƙura za ta dawo da su.

Akwai wani ruɗanin kuma da sunan kansa ya haifar. Masu fama da cushewar ciki da taurin bayan gida sukan ce suna da "SIBO mai miten". Amma abin da ke ƙera iskar miten a hanji ba bakteriya ba ne. Wani jinsi ne na daban da ake kira arkiya, babbansu Methanobrevibacter smithii, kuma yana iya yawaita a babban hanji ma, ba a ƙarami kawai ba. Kenan haruffa biyu cikin huɗun sunan, masu nufin ƙarami da bakteriya, ba su dace da shi ba. Shi ya sa a 2020 ƙungiyar likitocin ciki ta Amurka ta ba shi nasa suna, IMO, wato yawaitar halittu masu ƙera miten a hanji. Muhimmancinsa shi ne miten ɗin da kansa yana rage saurin hanji, an ga haka a gwajin dabbobi. Jinkiri yana ba ƙwayoyi damar zama, su kuma suna fitar da iskar da ke ƙara jinkirin.

Sai gwajin numfashi, wanda a ganina ake ba shi girman da ya fi ƙarfinsa. Hikimar da ke bayansa kyakkyawa ce: ƙwayoyin jikin ɗan Adam ba sa ƙera haidirojin ko miten, don haka duk wanda aka gani a numfashi daga halittun hanji ya fito. Ana ba mutum ruwan wani irin sukari, gulukos ko laktulos, ya sha, ya riƙa hura iska a bututu lokaci-lokaci. Idan haidirojin ya ƙaru da awo 20 cikin miliyan kafin minti 90, ko miten ya kai 10, a ce an samu. Matsalar tana ga minti 90 ɗin. Laktulos jiki ba ya narkar da shi, babban hanji ya nufa, kuma a wurin mai saurin hanji yana isa can kafin lokacin ya cika. Ƙwayoyin babban hanji su yi aikinsu na halal, haidirojin ya tashi, takarda ta ce SIBO. Gulukos kuma jiki yana tsotse shi tun a sama, yana iya tsallake matsalar da ke can ƙasa. Don haka lafiyayye yana iya fitowa da cuta a takarda, mai cuta ya fito da shaidar lafiya. Na tabbata wani kaso na masu yawo da wannan suna a intanet, abin da ke damunsu wani abu ne daban da ba a bincika ba, saboda an samu suna mai daɗin faɗa an tsaya a kansa.

Wannan ba ƙaryata masu fama da shi ba ne. Wanda cikinsa ke kumbura har ya kwance maɓallin wando bayan kowane abinci, wata da watanni, ya san abin da yake ji, kuma babu abin da ke ƙona rai kamar a ce masa tunani ne kawai. Abin da nake cewa shi ne zama da wannan larura ya fi kama da zama da hawan jini: ana sarrafa shi ne, kuma tambayar farko ga likita ita ce me ya rage wa hanjina gudu. Idan suga ne, a gyara suga. Idan tayirod ne, a auna shi. Idan wani magani ne da ake sha, a duba ko akwai madadinsa, ba tare da an yanke shi da kai ba. Tazarar sa'a 4 zuwa 5 tsakanin abinci da barin ciye-ciyen tsakani suna ba mai shara fili, kodayake mai shan maganin suga ko wanda ya rame ba zai fara wannan ba sai da shawarar likitansa. Ɗan tattaki bayan cin abinci yana taimaka wa iska ta wuce.

Batun abinci ma ana wuce gona da iri. Tsarin FODMAP da masana a Jami'ar Monash ta Ostireliya suka fito da shi yana rage abubuwan da ke saurin tsima, kamar albasa, tafarnuwa, wake, alkama da madara, kuma yana rage wa mutane da yawa kumburi. Amma an tsara shi ne na mako 2 zuwa 6, sannan a riƙa mayar da abincin ɗaya bayan ɗaya don a gane wanda ke tayar da hankali. Akwai waɗanda suka mayar da shi zaman dindindin har abincinsu ya koma kala huɗu ko biyar, suna ramewa, suna tsoron kwano. Rage wa ƙwayoyi abinci yana rage iska, bai taɓa mayar da tsintsiya hannun mai shara ba. Kuma ramewa ba dalili, jini a bayan gida, amai mai naci, ƙarancin jini, ko canjin bayan gida da ya fara wa mutum a shekarun girma, waɗannan ba a ɗora su a kan SIBO a zauna, asibiti ake zuwa.

Ga waɗanda abin ke yawan dawo musu, likitoci sukan ƙara maganin motsa hanji bayan an gama na kashe ƙwayoyin, kamar furukalofirayid. Ɗaya daga cikin irin waɗannan magunguna yana da tarihi mai ban dariya. Eritiromaisin tsohon maganin kashe bakteriya ne da ya shahara da murɗa wa mutane ciki, an daɗe ana ɗaukar hakan a matsayin illarsa. A 1984 Zen Itoh da abokan aikinsa a Japan suka nuna cewa yana kwaikwayon motilin ne, yana tayar da matsar nan mai ƙarfi. Shi ya sa yau za ka ga likita ya rubuta wa mai SIBO ɗan ƙaramin awo nasa, ƙasa sosai da wanda ake bayarwa don kashe ƙwayar cuta, ya ce a sha da dare lokacin kwanciya, bayan ciki ya yi sa'o'i babu komai.