Ɓoye harsashi da tsadarsa a Amurka: me doka ta ce?

A farkon shekarar 2013, a garuruwa da dama na Amurka, mutane kan yi sammako su tsaya a ƙofar kantin Walmart ranar da suka san motar kaya za ta sauke. Ana buɗe ƙofa sai su miƙe sashen kayan farauta. Kantin ya ƙayyade kwali uku kacal ga mutum ɗaya a rana, sai wani ya zo da matarsa da ƙaninsa, kowa ya karɓi uku. Kafin hantsi kantar kayan ta zama wayam. Abin da aka fi wawaso shi ne ƙaramin harsashin nan mai lamba .22, mafi araha a kasuwa, wanda uba ke koya wa ɗansa saiti da shi a kan gwangwani, ko a harbi zomo. Cikin masu layin akwai 'yan bumburutu, su saya da safe, su sayar a intanet ko a kasuwar baje-kolin bindigogi da riba ninki biyu ko uku.

Duk wanda ya saba jin ana la'antar mai ɓoye hatsi zai tambaya: shin wannan ba laifi ba ne? A dokar tarayyar Amurka, ba laifi ba ne.

Babbar dokar da ke kula da wannan harka ita ce Dokar Kula da Bindigogi ta 1968. Abin da ta sa a gaba shi ne wanda zai saya. Dillali mai lasisi ba zai sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba harsashin doguwar bindiga, kuma sai mutum ya kai 21 kafin ya sayar masa da na fistol. Akwai kuma mutanen da aka haramta wa riƙe harsashi kwata-kwata: wanda kotu ta taɓa kamawa da babban laifi, mai ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, wanda aka hukunta kan cin zarafin iyalinsa, wanda ke zaune a ƙasar ba bisa ƙa'ida ba, da wasu kaɗan. Irin wannan mutum, ko ƙwaya ɗaya aka samu a aljihunsa, yana iya fuskantar ɗaurin da ya kai shekara 15. Amma wanda ba ya cikin waɗannan, dokar ba ta yanka masa adadi ba. Ya tara ƙwaya ɗari ko dubu hamsin a gidansa, duk ɗaya ne a wurinta. Ƙayyade kwali uku da Walmart ya yi tsarin kantin ne kawai. Inda ake samun iyaka shi ne a ƙa'idojin hukumomin kashe gobara na jihohi da garuruwa, su ma sun fi mayar da hankali kan albarushin da masu ɗura harsashi da kansu ke ajiyewa.

A 1986 ma an ƙara sassauta abin. Majalisa ta soke wajabcin rubuta sunan mai sayen harsashi na yau da kullum, ta kuma buɗe ƙofar yin oda daga wata jiha a kawo wa mutum har gida. Nan ne nake ganin akwai giɓi babba. Mai sayen bindiga a wurin dillali sai an bincika sunansa a rumbun bayanan hukumar FBI, amma mai sayen harsashi, a yawancin jihohi, ba a bincika komai. An haramta wa mai laifi saye, ba a ɗora wa kowa alhakin dubawa ba. (A Najeriya ba haka abin yake ba, domin Dokar Makamai ta 1959 ta ɗaure mallakar harsashi da lasisin bindigar kanta.)

Ƙarancin kuwa yakan biyo bayan fargaba. An gani bayan zaɓen Barack Obama a 2008. An sake gani bayan kisan gillar makarantar Sandy Hook a watan Disamban 2012, lokacin da aka yi zaton majalisa za ta tsaurara doka, wadda a ƙarshe ba ta tsallake Majalisar Dattawa ba. Mafi muni ya zo a 2020: annobar korona, zanga-zangar kisan George Floyd, ga zaɓe. A shekarar nan FBI ta yi binciken sunaye kusan miliyan 40, ƙungiyar masana'antun makamai kuma ta ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan 8 sun sayi bindiga karo na farko. Kowannensu yana neman ko da kwali biyu. A daidai lokacin kamfanin Remington mai ƙera bindigogi da harsashi ya karye, masana'antarsa ta Lonoke da ke jihar Arkansas ta yi sanyi, har sai da kamfanin Vista Outdoor ya saye ta. Farashin harsashin fistol na 9mm ya ninka har sau uku a wurare da yawa. Wanda ya ga kanta babu kaya yau, gobe in ya samu sai ya kwashi fiye da buƙatarsa, maƙwabcinsa ya tarar da wayam, shi ma ya ƙudura haka.

Batun tsauwala farashi fa? Amurka ba ta da dokar tarayya guda da ta hana shi gaba ɗaya. A watan Maris na 2020 Shugaba Trump ya sa hannu a kan umarnin hana ɓoye kaya, amma na kayan asibiti ne, irin su takunkumin fuska da na'urar taimakon numfashi. Jihohi da yawa suna da tasu dokar, sai dai ba ta farkawa sai an ayyana dokar ta-ɓaci, kuma an fi rubuta ta don abinci, man fetur, magani da wurin kwana. Duk da haka an taɓa amfani da ita: a ƙarshen 2020 babban lauyan jihar Texas ya sa wani kamfanin sayar da makamai ta intanet ya amince zai mayar wa masu saye sama da dala 400,000.

Gwamnati kanta tana da hannu a farashin. Tun 1937, a ƙarƙashin dokar Pittman-Robertson, harajin da ake karɓa a kan harsashi, wanda yake kashi 11 cikin ɗari, ana raba wa jihohi shi ne don kula da dazuzzuka da namun daji, koyar da mafarauta, da gina filayen koyon harbi. Wannan tsari yana burge ni, domin mai harbi ne ke biyan kuɗin raya dabbar da yake farauta. A 2022, bayan wawason nan, kason da aka raba ya haura dala biliyan ɗaya. Sannan a watan Agustan 2021 gwamnatin Biden ta sanar da daina ba da izinin shigo da harsashi daga Rasha, a matsayin takunkumi kan sa wa ɗan adawar Rasha Alexei Navalny guba. Harsashin Rasha mai kwanson ƙarfe shi ne na mai ƙaramin ƙarfi, wanda ke zuwa filin harbi ranar Asabar da 'yan daloli a aljihu. Shi ya fi jin abin a jikinsa.

Wasu jihohi sun rufe giɓin binciken da kansu. New York ta fara bincikar mai sayen harsashi a watan Satumban 2023. Kalifoniya ta riga ta: masu zaɓe suka amince da ƙuduri mai lamba 63 a 2016, daga 1 ga Yulin 2019 kuma duk mai saye sai ya je gaban dillali, ya nuna katin shaida, ya biya kuɗin bincike, kowane zuwa. Odar intanet sai ta bi ta hannun dillali, kuma mazaunin jihar ba zai tsallaka maƙwabciyar jihar Nevada ya ciko but ɗin motarsa ya dawo ba. A Yulin 2024 jihar ta ɗora nata harajin kashi 11 a kan na tarayya. Ni ina ganin binciken yana da hujja. Matsalarsa ita ce mutane masu gaskiya da yawa an mayar da su hannu rabbana saboda adireshin da ke katinsu bai dace da na rumbun bayanai ba.

Sunan da ke kan gaba a ƙarar da aka shigar kan dokar binciken ta Kalifoniya shi ne na Kim Rhode, 'yar wasan harbi da ta ci lambar yabo a gasar Olamfik shida a jere, daga 1996 zuwa 2016, wadda atisayenta na yini ɗaya ke cinye ɗaruruwan harsasai. Alƙali Roger Benitez ya soke dokar a Janairun 2024. A Yulin 2025 alƙalai biyu cikin uku na kotun ɗaukaka ƙara suka goyi bayansa, suka ce ta saɓa wa gyara na biyu na kundin tsarin mulki, wanda ya tabbatar da haƙƙin riƙe makami. Jihar ba ta haƙura ba, ta nemi babban zaman kotun ya sake sauraron shari'ar.