Idan kamfanin da ke gina maka gida ya karye, ina kuɗinka suka tsaya a doka?

Saƙonnin murya sun yi yawa a zaurukan WhatsApp na ma'aikata da 'yan kasuwar Kaduna a kan kamfanonin da ke sayar da gidaje tun kafin a ɗora bulo. Wani ya ce da zarar kamfani ya karye, banki zai zo ya fitar da kowa daga rukunin gidajen, har mai takarda. Wani ya ce a kwantar da hankali, gwamnatin da ta yi wa kamfanin rajista ita za ta biya jama'a. Akwai kuma masu cewa a kai shugaban kamfanin wurin 'yan sanda, in ya kwana biyu a bayan kanta kuɗi za su fito. Babu ko ɗaya daga cikin ukun da doka ta faɗa.

Tsoron dai yana da dalili. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da sakin naira ta nemi farashinta a kasuwa, kayan gini sun yi tashin gwauron zabi, har buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024. Kamfanin da ya yanke wa mutane farashin gida tun 2022, yana karɓar kuɗi kashi-kashi, ya wayi gari kuɗin ba za su kai ginin linta ba. Wasu sai su riƙa ƙarasa gidajen tsofaffin masu saye da kuɗin sababbi, ranar da sababbi suka daina zuwa aiki ya tsaya.

Amma tsayawar aiki ba ita ce karyewa ba a idon doka. Dokar kamfanoni ta CAMA, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Agustan 2020, ita ke tafiyar da wannan sha'ani, kuma Babbar Kotun Tarayya ce mai hurumin ba da umarnin rushe kamfani. Wanda ke bin kamfani bashin da ya kai adadin da doka ta ƙayyade, ya rubuta masa takardar neman biya, aka yi mako uku ba a biya ba, yana da damar zuwa kotu ya ce kamfanin ya gaza biyan basussukansa. Ko a nan ɗin ba dole ne a rushe shi ba. Dokar ta 2020 ta kawo tsarin naɗa ƙwararren da zai karɓi ragamar kamfani na shekara ɗaya, sai in an tsawaita, ya gwada ceto shi, ko a zauna da masu bin bashi a yi yarjejeniyar yadda za a biya. Ga wanda gidansa ya kai rufi, sau da yawa wannan ya fi rushewa alheri, don a nan ne ake da fatan a ƙarasa ginin.

In kuwa an rushe, tambayar farko ita ce: kai mai gida ne, ko mai bin bashi? Wanda aka mayar wa da mallakar gidansa da sunansa, da amincewar gwamna kamar yadda sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya tanada, aka kuma yi rajista a KADGIS, hukumar rajistar filaye ta Jihar Kaduna, gidan ya fita daga dukiyar kamfani. Wanda kotu ta naɗa ya tattara kadarorin kamfanin ba shi da iko a kansa, don haka maganar cewa za a fitar da kowa ba ta da tushe. Wanda ya biya kuɗinsa cif ya tare, amma takarda ba ta fito ba, shi ma kotunan Najeriya sun daɗe suna amince masa da wani haƙƙi a kan gidan. Sai dai haƙƙin nan yana da rauni a wuri ɗaya: idan kamfanin ya riga ya jinginar wa banki babbar takardar C of O ta filin gaba ɗaya kafin ya sayar masa, bankin na gaba da shi.

Bayan waɗannan biyun akwai na uku, shi ne mafi yawan mutanenmu. Ya biya kafin alƙalami, yana ci gaba da biya duk wata, abin da ke hannunsa rasit ne da takardar alokeshan mai ɗauke da lambar gidan da bai wuce fandisho ba. Wannan a doka mai bin bashi ne wanda ba shi da jingina, kuma layinsa yana can baya. Bankin da aka jinginar wa filin shi ke fara ɗiba daga kuɗin sayar da filin. Sai kuɗin gudanar da aikin rushewar kanta. Sai basussukan da sashe na 657 ya fifita, irin su haraji, albashin ma'aikatan kamfanin da kuɗin fanshonsu da aka cire ba a zuba ba. Sai masu jingina a kan sauran kayan kamfanin. Bayan duk waɗannan ne ake kiran mai sayen gida, tare da dilan siminti, mai tifar yashi da ɗan kwangilar da ya yi aikin wuta. A tsakaninsu ba a duba wanda ya riga wani biya, gwargwadon bashin kowa ake rabawa. A ƙaddara abin da ya rage naira miliyan 100 ne, bashin 'yan wannan layin kuma biliyan 1, to kowace naira kwabo 10 za ta samu. Wanda ya zuba miliyan 20 ya koma gida da miliyan 2, bayan shekarun da shari'ar ta ci.

Wani abin da ke ruɗa mutane shi ne, daga ranar da kotu ta ba da umarnin rushewa, ba a shigar da sabuwar ƙara a kan kamfanin ko a ci gaba da tsohuwa sai da izinin kotun. Mutane kan ɗauka an haɗa baki ne da alƙali. Manufar ita ce kada mai ƙarfi ya riga kowa kwashe abin da ya rage. Abin yi shi ne ka miƙa shaidar bashinka ga wanda aka naɗa, da yarjejeniya da rasit da takardar banki, cikin wa'adin da ya sanar. Wanda ya biya tsabar kuɗi a hannun dillali ba rasit ɗin kamfani, a nan zai gane kurensa.

Batun gwamnati kuwa, rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ko izinin gini na KASUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna, ba lamuni ba ne. Hukumar NDIC da ke biyan har naira miliyan 5 ga mai ajiya idan bankin kasuwanci ya durƙushe, aikinta bai shafi kamfanin gini ba. 'Yan sanda ma sashe na 32 na dokarsu ta 2020 ya hana su kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai. Kamfani mai "Limited" a ƙarshen sunansa daban yake da masu shi, bashinsa ba ya hawa kan gidan Alhaji na Unguwar Rimi ko Malali. Amma kada daraktoci su yi murna da yawa: idan aka tabbatar sun gudanar da kamfanin da niyyar damfara, misali sayar da gida ɗaya ga mutum uku, ko suka ci gaba da karɓar kuɗi alhali sun san babu makawa sai an rushe, kotu na iya ɗora musu bashin a kan dukiyarsu, ban da tuhumar laifi. Wanda kuma rajistar sunan kasuwanci kawai ya yi, tun asali bashin nasa ne.

A ganina dokar ba ta yi wa mai sayen gida adalci ba. Banki yana da lauyoyi da masu bincike kafin ya ba da rance, ya kuma riƙe takardar fili. Malamin makarantar da ya zuba giratutinsa a wani gida a Millennium City ko hanyar Rigachikun shi ma rance ya ba kamfanin, ba riba ba jingina, amma CAMA ba ta ware masa wani matsayi ba. Wasu ƙasashen sun gyara wannan. Dubai tun 2007 ta wajabta a riƙa zuba kuɗin masu saye a asusun amana na aikin. Indiya a 2016 ta ce kashi 70 cikin 100 na kuɗin su zauna a asusu na daban don ginin kawai, a 2018 kuma ta ba masu sayen gida kujera a kwamitin masu bin bashi.

Kafin a kai ga haka a nan, kariyar tana cikin abin da ka yi kafin biya. Doka ta ce kamfani ya yi rajistar jinginar kadarorinsa a CAC cikin kwana 90, don haka lauya na iya dubawa ya gaya maka ko filin na hannun banki, ya kuma bincika a KADGIS sunan wa ke kan takardar. In akwai jingina, ka nemi bankin ya rubuta cewa zai saki gidanka da zarar ka gama biya. A rubuta a yarjejeniya cewa biya zai bi matakin aiki, fandisho, linta, rufi, fulasta, kuma kason ƙarshe ya tsaya a hannunka har sai an sa hannu a takardar mayar da mallaka.