Takardar koke da tara sa hannun jama'a: wai abin nan yana aiki kuwa?

Tun da aka sa ni sakataren ƙungiyar unguwarmu nake shan tambayoyi iri ɗaya, a majalisa bayan la'asar, a gurup ɗin WhatsApp, har a wajen ɗaurin aure wani sai ya ja ni gefe. Shi ya sa na ce bari in tattara su waje ɗaya in amsa iya abin da na sani.

Wai mece ce takardar koke, kuma me ya bambanta ta da surutun da muke yi kullum?

Takarda ce da mutum ɗaya ko jama'a za su rubuta wa wanda ke da ikon gyara wata matsala, su faɗi abin da ke damunsu, su faɗi abin da suke so a yi, su sa hannu. Shi ke nan. Bambancinta da ƙorafin teburin mai shayi kuwa, ita tana da kwanan wata, tana da sunan ofishin da aka kai wa, kuma in an karɓa an buga mata hatimi to ta zama shaida, gobe ba wanda zai ce muku ai ba mu sani ba.

To wa ake kai wa?

Nan ne akasarinmu muke ɓata. Kwalbati ya toshe a lungu sai a rubuta wa shugaban ƙasa, haba jama'a. Kowace matsala da ƙofarta. Kwata, shara, kasuwa, rijiyar burtsatse, makarantar firamare, asibitin sha-ka-tafi, waɗannan a fara da kansila da ciyaman, kuma kar a tsallake mai unguwa da dagaci don sau da yawa wasiƙar da ta bi ta hannunsu ta fi saurin shiga. In na wuta ne, taransifoma ko bil ɗin da ya wuce hankali, tsarin NERC, hukumar da ke sa ido kan harkar wutar lantarki ta ƙasa, shi ne ku fara rubuta wa sashen kula da kwastomomi na kamfanin da ke raba muku wutar, in ba su yi komai ba ku wuce ofishin sauraron ƙorafi na NERC ɗin da ke yankinku, daga nan sai hedikwata.

In kuma wata ma'aikata ce ta zalunci mutum, an riƙe masa fansho ko an kore shi ba bisa ƙa'ida ba, akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a ta tarayya, wadda aka kafa tun 1975 zamanin Murtala, kuma marigayi Ɗanmasanin Kano Yusuf Maitama Sule ya shugabance ta a farkon kafuwarta. Tana da ofis a jihohi, kuma ba a biyan ko sisi. Abin yana ba ni takaici yadda hukuma mai shekara hamsin a duniya amma ka tambayi mutum goma a layinku da ƙyar ka samu wanda ya san da ita.

Majalisun dokoki ma suna da kwamitin koke-koken jama'a, na tarayya da na jiha, sai dai can ba kai za ka miƙe ka karanta ba, ɗan majalisa ne zai gabatar da takardar a zauren sannan a tura wa kwamiti su kira ɓangarorin biyu. In maganar tana gaban kotu ba za su taɓa ta ba.

Irin wanda ake turowa a waya a ce danna nan ka sa hannu fa?

Yana da amfaninsa amma ku san iyakarsa. A Birtaniya suna da ƙa'ida a shafin majalisarsu, in koke ya samu sa hannu 10,000 gwamnati za ta ba da amsa, in ya kai 100,000 a duba yiwuwar tafka muhawara a kansa, ta haka ne ma 'yan majalisar can suka tattauna batun EndSARS, zanga-zangar adawa da zaluncin 'yan sanda a Najeriya, a watan Nuwamba 2020. Mu nan ba mu da wannan ƙa'idar. Ko mutum miliyan ne suka danna a Change.org, shafin tara sa hannu na intanet, ba dokar da ta tilasta wa gwamna ko minista ya kalla. Abin da yake yi dai shi ne ya jawo hankalin 'yan jarida, ya nuna cewa ba mutum uku ne ke magana ba. In kun tara na intanet ɗin to ku buga shi a takarda ku ɗauka da ƙafarku ku kai, zuwa da kai ya fi aike.

Ka ba mu misali ɗaya da aka yi aka ci nasara, ba labarin Turai ba.

Bagega. Ƙauye ne a ƙaramar hukumar Anka ta jihar Zamfara, kuma duk wanda ke ganin koke ɓata lokaci ne ina so ya tsaya ya karanta wannan da kyau. A 2010 aka gano yara suna ta mutuwa a ƙauyukan yankin, ashe gubar dalma ce daga duwatsun zinare da ake kawowa cikin gida ana daka ana niƙa, ƙurar tana bin ƙasa inda yara ke rarrafe. Yara wajen 400 suka rasu, Allah ya jiƙansu. An share ƙasar wasu ƙauyukan an yi wa yaransu magani, amma Bagega wadda ta fi girma aka bar ta, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF kuma suka ce ba za su iya fara magani ba sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar, don in ka wanke jinin yaro ka mayar da shi tsakar gidan da gubar take aikin banza ka yi. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850 a 2012, wata ya bi wata shiru kake ji.

Sai wasu matasa, cikinsu akwai Hamzat Lawal, suka ɗauki abin da sunan Follow The Money, suka je ƙauyen da kansu suka ɗauko hotuna da muryoyin iyaye, suka buɗe maudu'in SaveBagega a Twitter da Facebook, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta shigo, mutane suka dinga rubutu a shafin shugaba Jonathan, aka bi kwamitin muhalli na majalisar dattawa wanda Bukola Saraki ke shugabanta a lokacin. A watan Janairu 2013 aka saki kuɗin, a shekarar aka share ƙasar aka fara yi wa yaran magani. Abin da nake so ku lura da shi, buƙatarsu ɗaya ce tak kuma a fili take: a saki kuɗin da aka riga aka yi alkawari. Ba su ce a gyara Zamfara gaba ɗaya ba. Kuma da aka saki kuɗin ba su koma gida sun kwanta ba, sun ci gaba da bin sawu su ga ina kuɗin suka shiga.

Na biyu dokar rage shekarun takara da matasa suka yi wa laƙabi da Not Too Young To Run, wadda aka gabatar a majalisa a 2016, aka yi ta bin 'yan majalisar jiha ɗaya bayan ɗaya don gyaran tsarin mulki sai jihohi 24 cikin 36 sun amince, har Buhari ya sa hannu ranar 31 ga Mayu 2018. Takarar shugaban ƙasa ta sauko daga shekara 40 zuwa 35, ta majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25. Shekara biyu suna abu ɗaya.

Gaskiya ne da sa hannu za mu iya cire ɗan majalisarmu?

A rubuce gaskiya ne, shi ne kiranye, sashe na 69 na tsarin mulkin 1999 ga 'yan majalisar tarayya, na 110 ga na jiha. Amma sai fiye da rabin duk masu rajistar zaɓe a mazaɓar sun sa hannu, masu rajista fa, ba waɗanda suka fito ranar zaɓe ba, sannan INEC ta tantance sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. An gwada wa Dino Melaye a Kogi abin ya rushe a wajen tantancewa a 2018, an gwada wa Natasha Akpoti a 2025 INEC ta ce adadin bai cika ba. Ni dai ba na ba mutanen unguwa shawarar su zuba ƙarfinsu nan.

Yaya ake rubuta ta?

Shafi ɗaya ya isa. Su wane ne ku, me ya faru, tun yaushe, me kuka riga kuka yi, me kuke nema. Ku haɗa da hoto in akwai. Ban da zagi, ban da zargin wani da sata in ba ku da hujja a hannu, don kalma ɗaya ta ɓatanci sai ta mayar da mai ƙara wanda ake ƙara. Kowa ya rubuta sunansa da layinsu ya sa hannu, wanda bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa bayan an karanta masa da Hausa ya ji abin da ke ciki. Kuma don Allah a shiga gidaje a ji ta bakin mata, su ke fama da rashin ruwan nan da layin asibitin nan fiye da mu, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kar mutum ɗaya ya zauna ya cike sunaye ɗari da biro ɗaya. Mun taɓa yin wannan kuskuren lokacin da taransifomarmu ta ƙone, wani yaro cikin zumuɗi ya rubuta sunayen 'yan layinsu duka da hannunsa, jami'in da muka kai wa yana dubawa ya gane, kuma daga ranar duk maganar da muka kawo sai ya dube ta da shakka. Sai da muka sake bi gida-gida.

Sai babban abu, ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a naku kwafin. Kar ku fito daga ofishin ba shi.

Ba za a kama mu ba?

Tsarin mulki ya ba ku 'yancin faɗin albarkacin baki a sashe na 39 da na taruwa cikin lumana a sashe na 40, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta yanke tun 2007 cewa ba sai da izinin 'yan sanda za a yi taro ba. Amma ba zan ɓoye muku ba, abin da ke takarda daban abin da ke faruwa a titi daban, mun ga yadda aka tsare mutane har da ƙananan yara bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta 2024. Shi ya sa a harkar unguwa nake fifita wakilai biyar ko shida, da dattijo da limami da mace ko biyu da matashi, su je da takarda a hannu. Kuma ku yi hattara da ɗan siyasar da zai zo ya ce zai biya kuɗin mota da na fotokwafi, ranar da hotonku ya fito da hularsa koken ya tashi daga na unguwa ya koma na jam'iyya.

Mun kai, an yi mana shiru. Sai me?

Sai ku koma. Bayan sati biyu ku rubuta ta tuni ku manna kwafin ta farko mai hatimi, ku aika kwafi ga na sama da shi. In an ce muku ai an sa aikin a kasafin kuɗi ko an ba da kwangila, akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙatar da aka rubuta mata, ku tambayi sunan ɗan kwangila da nawa aka biya shi da ranar da ya kamata ya gama. In har yanzu shiru, ku ɗauki fayil ɗin gaba ɗaya ku kai gidan rediyo, shirye-shiryen nan na ƙorafin jama'a da ake yi da safe manya suna saurare fiye da yadda kuke zato, kuma ɗan jarida ya fi son wanda ya zo masa da takardu uku masu hatimi a kan wanda ya zo da baki kawai. Ku naɗa mutum biyu da aikinsu kenan bin takardar, a rubuta ranar da za su koma, a karanta abin da suka samo a taron wata.