Darasin Amfani da Turanci da Yadda Ake Ba da Makinsa a Manyan Makarantun Kano

Darasin Amfani da Turanci kwas ne na dole ga duk ɗalibin da ya shiga jami'a a Nijeriya, ko likitanci ya zo karantawa ko Larabci. Yana cikin darussan bai-ɗaya, kuma a shekarar farko ake yin sa. A manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar a 2022, lambarsa GST 111, nauyinsa kuma yunit 2. A Kano ana koyar da shi a Jami'ar Bayero, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, da sauran jami'o'in birnin. Kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha su ma suna da irin nasu.

Abin da ake nema a wurin ɗalibi shi ne ya iya gina jimla lafiyayya, ya haɗa jimloli su zama sakin layi, ya tsara insha'i mai gabatarwa da gundarin bayani da kammalawa. Ana koyar da auna fahimta, taƙaita dogon bayani, rubuta wasiƙa da rahoto, ɗaukar bayani a lokacin lakca, da ambaton inda aka ɗauko magana. Kwafo rubutun wani daga intanet ba tare da ambaton mai shi ba satar fasaha ce, tana iya jawo asarar makin aikin ɗungurungum.

Maki 100 ne, an kasa shi biyu. Gwaje-gwaje da jingar cikin zango, abin da ɗalibai ke kira CA, sukan ɗauki 30 ko 40, jarrabawar ƙarshen zango ta ɗauki ragowar. A ƙa'ida, sai wanda ya halarci kashi 75 cikin 100 na lakcoci ake bari ya zauna jarrabawa. A ma'aunin NUC, 70 zuwa sama A ce mai daraja 5, 60 zuwa 69 B mai 4, 50 zuwa 59 C mai 3, 45 zuwa 49 D mai 2, 40 zuwa 44 E mai 1, ƙasa da haka kuma F. Darajar ake ninkawa da yunit, don haka mai A ya tashi da 10, mai C da 6. Wanda ya faɗi sai ya sake kwas ɗin, kuma ba ya karɓar digiri sai ya ci shi.

Yawancin ɗalibai sun taho sun saba da ma'aunin WAEC na insha'i: 10 na ƙumshiya, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na ƙa'idojin rubutu. A kason ƙarshen nan ɗan Kano ya fi zubar da maki, kuma dalilin a fili yake. Hausa ba ta bambanta sautin p da f, ba ta kuma da ƙananan kalmomin nan "a" da "the" yadda Turanci yake da su. Sai ka ga yaron da ya sauke Alƙur'ani, yake rubuta Hausa tiryan-tiryan, takardarsa ta dawo jajawur da biron malami, alhali hujjar da ya kafa a ciki ba ta da makusa. Malamin kirki yakan raba kuskuren harshe da raunin tunani, ya nuna wa ɗalibi wanne ne nasa.

Babbar matsalar ita ce yawa. Ɗaruruwan ɗalibai ne ke cika ɗakin lakca guda, na baya ko muryar malami da ƙyar suke ji. Mutum ɗaya ba zai iya duba insha'in kowa ya mayar masa da gyara ba, shi ya sa a wurare da dama aka koma tambayoyin zaɓi, a takarda ko a kwamfuta. Wannan yana auna sanin nahawu, amma ba ya auna iya rubutu, domin rubutu sai an yi, an gyara, an sake yi. Ɗalibi kan ci A bai taɓa rubuta shafi biyu an duba masa ba, sai a shekarar ƙarshe, ya zo rubuta kundin kammala digiri, giɓin ya fito fili.