Kada a jira ranar suna kafin allurar ciwon hanta

Mace na iya ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B shekara da shekaru ba ta sani ba. Babu zazzaɓi, babu ciwon shawara, idonta fari tas, tana hidimar gidanta lafiya lau. Ba kasafai ƙwayar ke kai wa ɗa tun yana ciki ba. Yawanci wajen haihuwa take shigarsa, lokacin da jinin uwa da ruwan jikinta suka taɓa shi.

Babba in ya kamu, galibi jikinsa kan kore ta, ƙasa da 5 cikin 100 ne take zaune musu. Jariri kuwa garkuwar jikinsa ba ta yi ƙwari ba, kusan 9 cikin 10 da suka kamu a wannan lokaci da ita za su girma. Yaro zai tashi sumul, ya yi makaranta, ya yi aure, hanta na lalacewa a ɓoye. Wasu sai sun zama magidanta ciki ya kumbura, ko a tarar da sankarar hanta, dangi su ce sammu ne.

Allurar rigakafi na tare wannan hanya, amma lokaci gare ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi ta cikin awa 24 da haihuwa. Najeriya ta sa ta cikin rigakafin yara tun 2004, kuma kyauta ce a asibitocin gwamnati. Inda muke samun cikas shi ne haihuwar gida: a ce mai jego ba ta fita, a bari sai an yi suna, wasu ma sai an yi arba'in. To, mai jego ta zauna ta huta. Uba ko kaka su naɗe jariri su kai shi asibiti a ranar. In an makara ma a kai, kada a fasa, sannan a cika allurar Penta, wadda ta haɗa rigakafin cututtuka biyar har da ciwon hanta, ta sati 6, 10 da 14.

Masu ciki, in kun je awo ku nemi gwajin ciwon hanta tare da na ƙanjamau. Wadda ƙwayar ta yi yawa a jininta akan ba ta maganin tenofovir a watannin ƙarshe na ciki. Shayarwa ba ta da laifi, a ci gaba da ba da nono.

Ungozoma da wanzami kuma, kowane jariri da sabuwar rezarsa. Askar da ta taɓa jinin wani yaro kada ta taɓa na gaba.