Kashin yawo: a gane shi tun bai yi ƙaya ba

Duk ƙarshen damina, in na shiga gonar gyaɗa a Igabi ko Soba, a jihar Kaduna, sai na tsaya bakin hanya ina cire ƙayar kashin yawo daga ƙafar wando. Manomi ya ce mini, “Malam, wannan ciyawa ta ishe mu.” In na ce ya nuna mini ita tana ƙarama, sai ya yi shiru. Kowa ya san ƙayar, amma kaɗan ne suka san shukar kafin ta kai ga haka, kuma a nan ake barin ta ta ci gona.

Kashin yawo ba ɗan ƙasa ba ne. Asalinsa nahiyar Amurka ne, can ɓangaren kudu mai zafi, kuma masana suna kiransa Acanthospermum hispidum. Damina ɗaya yake rayuwa: ya tsiro da ruwan farko, wajen Mayu zuwa Yuni, ya yi fure, ya zubar da iri, ya bushe da kaka.

Ga yadda za ka gane shi. Tsaye yake, ba ya yaɗo, yakan kai gwiwa ko ya ɗan wuce. Ka shafa karan, za ka ji gashi-gashi mai kaushi. Ganyen bibbiyu ne suna fuskantar juna, manne da kara. Babbar alamarsa ita ce rassa: kowane reshe sai ya rabu biyu kamar gwafa, wancan ma ya sake rabuwa biyu. To ka durƙusa ka duba tsakiyar gwafar nan. A nan furen yake, ɗan mitsitsi, ruwan ɗorawa mai haske da ɗan kore, bai kai ƙwayar wake ba. Ƙanƙantarsa ce ta sa wasu ke rantsuwa cewa kashin yawo ba ya fure. Wannan ɗan furen shi ke buɗewa ya zama tauraro mai 'ya'ya 5 zuwa 10, kowane ɗa jikinsa duk ƙananan ƙugiyoyi, da dogayen ƙaho biyu a ka kamar na akuya.

Kada a haɗa shi da tsidau, wanda ke shimfiɗe a ƙasa, ko ƙarangiya, wadda ita ciyawa ce mai siririn ganye.

Sunan da Bahaushe ya ba shi ya faɗi yadda yake tafiya. Jelar saniya, gashin tunkiya, buhu, bakin zane, duk abin hawansa ne. Shi ya sa ya fi yawa a burtali, da bakin titi, da gefen kasuwar dabbobi, da mashekarin da shanu suka tashi, da fili wanda kiwo ya cinye. Ko a cikin garin Kaduna, a duba kangon fili da gefen layin dogo.

Abin da ya fi damuna shi ne harawa. In ƙayar ta shiga damin harawar gyaɗa ko ta wake, dabba tana ci tana jin ciwo a baki, mai saye kuma ya karya farashi. Haka take manne wa auduga. Dabbobi ba sa son ganyen, amma yunwa kan sa akuya ta ci, kuma in ta ci da yawa yana taɓa mata hanta.

Don haka, 'yan uwa manoma, a noman farko da maimai a neme shi musamman. Saiwarsa ba ta da wuyar tugewa in ƙasa na da laima. A bi har gefen gona da kan iyaka, don daga nan yake sake shigowa. Wanda ya riga ya yi ƙaya kada a jefa shi cikin ramin taki, kada a bar shi a kan kunya. A tara shi wuri ɗaya, in ya bushe a ƙone. Irinsa yakan kwana a ƙasa fiye da shekara ɗaya, saboda haka in kun tuge bana kuka ga ya sake fitowa baɗi, ku sake tugewa kafin furen nan na cikin gwafa ya buɗe.