Ma'anar "Kwanaki Dubu na Farko" da Alaƙarsu da Ƙibar Yara

A 'yan shekarun nan da wuya a yi taro kan lafiyar mata da ƙananan yara a tashi ba a ambaci "kwanaki dubu na farko" ba. Jami'an gwamnati suna faɗa a wajen ƙaddamar da shirye-shirye, masu gabatar da shirin lafiya a rediyo suna nanatawa, har masu tallar abincin jarirai sun ara sun yafa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yawancin masu furta maganar suna fara ƙirge daga ranar haihuwa, sannan suna ɗauka cewa batun yunwa ne kawai. Duka biyun ba daidai ba ne.

Lissafin ba shi da wuya. Kwana kusan 270 na goyon ciki, da 365 na shekarar farko, da wasu 365 na shekara ta biyu, su ne suka tashi 1,000. Wato ƙirgen yana farawa ne daga ranar da ciki ya shiga, ya ƙare ranar da yaro ya cika shekara biyu. Maganar ta samu gindin zama bayan jerin binciken da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2008 kan ƙarancin abinci ga uwa da ɗa, ta kuma bazu bayan da Hillary Clinton, sakatariyar harkokin wajen Amurka a lokacin, da takwaranta na Ailan Micheál Martin suka ƙaddamar da wani shiri mai wannan suna a birnin New York a watan Satumbar 2010. Tsumburewar yara ce a gabansu a wancan lokaci, don haka ban ga laifin wanda ya alaƙanta maganar da yunwa ba. Amma wanda ya fara ƙirge daga haihuwa ya watsar da fiye da rubu'in kwanakin, kuma a cikinsu ne ake gina gaɓoɓin ɗan tayi, ake fara samar da ƙwayoyin kitsensa, ake fara tsara sashen ƙwaƙwalwar da zai riƙa sanar da shi yunwa da ƙoshi.

Babu abin da ya fito da wannan fili kamar abin da ya faru a ƙasar Holan gab da ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. A watan Satumbar 1944 ma'aikatan jirgin ƙasa na ƙasar suka shiga yajin aiki domin taimakon sojojin ƙawance, Jamusawan da suka mamaye ƙasar suka rama ta hanyar hana shigar da abinci yammacinta, sannan hunturu ya zo da tsanani har hanyoyin ruwa suka daskare. Daga Disamba zuwa Afrilun 1945 rabon da hukuma ke ba babban mutum a birane irin su Amsterdam da Rotterdam ya sauko zuwa tsakanin kalori (ma'aunin ƙarfin abinci) 400 da 800 a rana, wato ɗan burodi da ɗan dankali, har mutane suka koma tonon saiwar furanni suna dafawa. Kimanin mutum 20,000 ne suka mutu kafin a 'yantar da yankin a watan Mayu. Yunwar ta fara a lokaci sananne, ta ƙare a lokaci sananne, asibitoci kuma ba su daina rubuta bayanan haihuwa ba, shi ya sa daga baya aka iya sanin watan da ta riski kowane ciki.

A 1976 masu bincike uku, Ravelli da Stein da Susser, suka duba bayanan samari kimanin 300,000 da aka auna suna da shekara 19 lokacin ɗaukarsu aikin soja. Waɗanda yunwar ta same su a rabin farko na zamansu a ciki sun fi sauran yawan masu ƙiba, alhali waɗanda ta riska a watannin ƙarshe da farkon jarirantaka ƙibar ta yi ƙaranci a cikinsu. A lura da kyau: uwa ta rasa abinci, ɗa ya girma da ƙiba. A 2008 aka sake gano cewa, bayan shekara 60, mutanen da aka ɗauki cikinsu a tsakiyar yunwar suna ɗauke da wani bambanci a alamomin da ke kunna ƙwayoyin gado ko su kashe su, idan aka kwatanta da 'yan'uwansu uwa ɗaya uba ɗaya.

Bayanin da likitan Ingila David Barker da abokin aikinsa Nick Hales suka bayar a 1992 shi ne ɗan tayi yana karanta halin duniyar da zai fito daga abin da ke iso masa ta cibiya, kamar matafiyin da aka faɗa wa cewa garin da ya nufa ana fari, sai ya koyi tattalin guzuri. Jikinsa yakan tsaru a kan ajiye duk abin da ya samu, idan kuma ya fito ya tarar da wadata, wannan tattalin ne ke zama kitse, hawan jini da ciwon suga su biyo baya.

Ɗaya ɓangaren, wato yawan sukari a jinin uwa, shi ne wanda ba na jin ana faɗa a rediyo, kuma a yau ya fi yawaita. Tun 1952 likitan ƙasar Danmak Jørgen Pedersen ya bayyana cewa sukarin da ke jinin uwa yana ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan tayi, amma sinadarin insulin nata, mai daidaita sukari a jini, ba ya ratsawa. Dole ɗan tayi ya ƙara samar da nasa, shi kuwa insulin aikinsa a wannan mataki haɓaka jiki ne da tara kitse, sai a haifi jariri da ya haura kilo 4, dangi suna murna, alhali girman alama ce da ya kamata a bincika. A cikin al'ummar Pima ta jihar Arizona an kwatanta 'ya'yan uwa ɗaya, aka ga waɗanda aka haifa bayan uwar ta kamu da ciwon suga sun fi yayyensu nauyi da saurin kamuwa da cutar, ba a kuma ga irin wannan bambanci ba idan uban ne mai ciwon. Wannan ya nuna ba gado kaɗai ba ne, zaman ciki ma yana da hannu.

Saboda haka maganar da ake yi wa mai juna biyu cewa ta ci na mutum biyu ba ta da madogara. Ƙa'idar da ake bi a Amurka ita ce babu buƙatar ƙarin kalori a watanni uku na farko, sai kusan 340 a rana a na tsakiya, da kusan 450 a na ƙarshe. Macen da ta shiga ciki da matsakaicin nauyi ana so ta ƙara kilo 11.5 zuwa 16, mai ƙiba kuwa kilo 5 zuwa 9. Abin da ke ƙaruwa sosai shi ne buƙatar sinadarai irin su ƙarfe da aidin da folik, waɗanda lemon kwalba da kayan zaƙi ba sa bayarwa komai yawansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara miliyan 37 'yan ƙasa da shekara biyar ne nauyinsu ya wuce kima a 2022, da yawansu kuma suna ƙasashen da ke fama da tamowa a lokaci guda.

Sai dai ba na goyon bayan masu mayar da wannan ilimi bulalar dukan iyaye mata. Ana maganar ƙaruwar haɗari ne, ba hukuncin da ba ya tashi ba, kuma shayarwa da abincin gida da motsa jiki da halin aljihun iyali duk suna da nasu tasiri. Manyan gwaje-gwajen da aka yi a Ingila da Ostireliya, inda aka gyara cimar mata masu ƙiba bayan ciki ya kwana biyu, ba su sauya nauyin 'ya'yansu sosai ba da aka bibiye su bayan wasu shekaru. A ganina wannan yana nuna raunin lissafin kwanaki dubun kansa, domin nauyin mace da yanayin sukarin jininta kafin ta ɗauki ciki suna cikin manyan abubuwan da ke hasashen ƙibar ɗanta, su kuma ba sa cikin kwanaki dubun. Mata da yawa ba sa gane suna da ciki sai makonni sun shige, wasu ba sa zuwa awo sai a wata na huɗu ko na biyar, lokacin da an riga an ci kwana fiye da ɗari daga cikin lissafin, don haka shirin da ke jiran mace ta zo asibiti kafin a yi mata maganar abinci da gwajin suga ya kamata ya faɗaɗa ya kai ga 'yan mata da matan da ke shirin ɗaukar ciki.